Anti Rabi'a, Mai Tambayar Hanya

Ƙarfe shida da rabi take shiga bas a unguwar Withington da ke Manchester, da flas ɗin shayi a jaka. Shekara ashirin da bakwai Anti Rabi'a, ma'aikaciyar jinya, tana karɓar marasa lafiya a sashen gaggawa na asibiti, kuma abokan aikinta sun sha yi mata tsiya kan abu ɗaya: gaisuwarta ta cika tsawo. Ko Bature ne, sai ta ji daga inda ya fito da yadda ya baro gida.

To, wannan doguwar gaisuwa ce ta ceci ƙanena Bara'u.

Ranar da ya dawo hutu daga Masar, na ɗauko shi a filin jirgin Manchester zan kai shi gida unguwar Balsall Heath da ke Birmingham. A mota harshensa ya yi nauyi, waya ta suɓuce daga hannunsa na dama. Na kira Mama, ta ce gajiya ce, a ba shi shayi ya kwanta. Wallahi saura ƙiris in bi maganarta. Allah ya sa na juya asibiti.

Anti Rabi'a ta ga sunansa, ta ji daga Masar ya sauka, ta yi murmushi. "Bara'u, sannu da zuwa. Ya hanya? Me aka yi a can?"

Da ƙyar ya ce ya yi nutso a teku da tulun iska a baya, da safen nan ma, kafin ya hau jirgi.

Ban ga ta firgita ba. Ta kwantar da shi, ta sa masa oxygen, ta kira likita, sannan ta juyo gare ni.

"Ƙanwata, a can ƙasan ruwa iska tana narkewa cikin jini. In mutum ya yi gaggawar tasowa, ya kuma hau jirgi, sai ta zama kumfa, kamar an buɗe kwalbar lemo. Kumfar ce ke toshe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, wurin da jini bai kai ba ya fara mutuwa. We can't wait."

Ba ta ajiye waya ba sai da aka samo masa gurbi a ɗakin matsin iska, inda ake danne kumfar har ta sake narkewa. Likitan can ya ce da mun bar shi ya yi barcin nan, da wuya maganarsa ta dawo.

Anti Rabi'a, ke ce kika tambayi abin da ni 'yar'uwarsa ban tambaya ba. Har yau ina jin kunyar wannan, ina kuma gode miki. Matasanmu masu aikin asibiti, don Allah ku riƙa tsayawa ku gaisa da mutane kamar yadda take yi.

Makon jiya ta yi ritaya. Bara'u ya tuƙo mota da kansa daga Birmingham, ya durƙusa gabanta. Har yanzu harshensa yana ɗan sarƙewa, amma kowa ya ji shi sarai: "Anti, ina gajiya?"