Famfon tsakar gidanmu

Shekarun baya, lokacin da soja ke riƙe da ƙasa, aka tura ni Yamai koyarwa. Mahaifiyata ta zauna ita kaɗai a gidanmu na Filinge, gidan da mahaifina ya gina ya rasu a ciki. Na yi ta fama da ita ta biyo ni, ta ƙi. A lokacin ni sabon mushe ne, wato malamin makaranta, ina jin babu abin da ya gagare ni gyarawa.

Akwai famfo ɗaya a tsakar gidan, jikin katanga, kuma ya daɗe yana ɗiga. Mahaifiyata ta kifa wata tsohuwar tasa a ƙarƙashinsa, ta tara kasko a gefe, ruwan ya faɗo kan tasar ya gangara cikin kaskon kaji su sha. Yini guda ƙarar nan ake ji, tal, tal, tal. Da na zo hutu, kwana biyu kawai na iya jurewa. Ga shi zamanin kullum rediyo na faɗa a kan ɓarna, ni kuwa ma'aikacin gwamnati, ruwa na zuba a gidanmu.

Na ce mata zan kira mai gyara. Ta ce, "Bar shi, ɗana. Mi yat tare maka?"

Na ɗauka irin ta tsofaffi ce, ba su son a taɓa musu kaya. Ranar kasuwa, tana can gidan maƙwabta, na jawo abokina mai gyaran famfo. Ya kwance kan famfon, ya zaro wata 'yar roba da ta cinye ta zama kamar ɓawon albasa. Ya ce, "Ka ga abin da ka sa shi ɗiga. Yashi na biyo ruwa shi ci robar, ku kuma ku riƙa murɗe shi da ƙarhi kamar kuna kokawa da shi." Ya yanko sabuwa daga tsohuwar tayar keke, ya ɗaure, ɗigo ya tsaya cak. Na ɗauke tasar ma na jingine ta a ɗaki, ina jiran a sa mini albarka.

 Da ta dawo sai ta tsaya a bakin zaure jim, sannan ta dafa bango har ɗakinta.

Washegari da hantsi ina zaune ina shan kunu ta fito da buta za ta ɗebi ruwa. Ta yi taku uku ta tsaya, ta karkata kai kamar mai sauraro. Sai ta nufi wani gefen daban, kai tsaye wajen murhu, ga garwashi bai mutu ba. Na yi tsalle na riƙe ta, bakin zanenta ya riga ya taɓa toka.

Na ce, "Inna, ina za ki?"

Ta ce, "Idanun sun tahi, ɗana. Tun bara ban ganin komi sai hazo. Ɗigon nan shi ka hwaɗa min inda nike. In na hito ɗaki na bar shi ga hannun dama, na san ga madahi, ga rumbu, ga ƙohwa. Kai kuma ka zo ka kashe shi."

Na tambaye ta me ya hana ta gaya mini. Ta ce, "In na hwaɗi, ɗauka ta za ka yi ka kai ni Yamai. Ni ko gidan ubanka nika son mutuwa."

Kunya ta kama ni. Kwana nawa ina gidan, na lura famfo na ɗiga, ban lura mahaifiyata ba ta gani ba. Na tashi na ɗauko tasar na kifa ta inda take, na sassauta kan famfon kaɗan har ɗigon ya dawo. Ta saurara, ta ce, "Ya yi sauri, rage shi." Na rage. Sai ta tafi ita kaɗai ta cika butarta.

Na kai ta asibiti daga baya, amma idon bai dawo ba, na kuma mayar da ita gidanta kamar yadda na yi mata alkawari. Ƙanwata ta koma kusa da ita. Soja sun tafi, farar hula sun zo, tana nan tana kewaya tsakar gidanta ba mai ja mata hannu, har Allah ya karɓi abarsa.

Ina kewarta ƙwarai, kuma kewar ta fi zuwa mini ta kunne. Yanzu idan famfon gidana ya fara ɗiga, na san dalili, na san magani, har robar tana nan a ajiye. Matata ta yi ta mita, in ce mata gobe. Sai in nemo tasa in kifa a ƙarƙashinsa, in jawo kujera in zauna.