Jan Kwabo da Ƙarfen Injin Niƙa

Litinin: daga Tamale zuwa Yeji

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba, ladanin unguwarmu Zogbeli bai ida kiran farko ba, na ja ƙofar gidana na yi bisimilla. Ni ban yi boko ba. Faɗa nake, 'yata malamar makaranta tana sa wa takarda, don haka in kun ji magana ta karkata, bakina ne.

Ga abin da ya fitar da ni. Maigidana ya rasu ya bar mini injin niƙa, 'yan shekaru bayan ƙasa ta karɓi mulkin kanta. Ina cikin takaba injin ya kwanta. Fuseini fita, mai gyaran inji, ya buɗe cikinsa ya zaro wani ƙarfe mai gwiwa da suke kira kiranshaf, ya nuna mini inda yake juyawa duk ya ƙarje. Ya ce sai Kumasi ake gyara irinsa. Ƙanin maigidana, Alhassan, ya ce mace ba ta riƙe inji. Ya ba ni wa'adin kasuwar Tamale biyu, kwana goma sha biyu ke nan. In injin bai tashi ba, maƙera za su sassare shi su yi fartanyu.

Fuseini ya ɗauko ƙarfen a keke har tasha, na naɗe shi da buhu da tsohon zane. Ya ba ni takarda, ya ce lambar sulɓin da ake so ce, sha shida, daga littafin injin ya kwafo. Sannan ya damƙa mini jan kwabo.

"Mma Lariba, in sun ce sun gama, ki goga wannan a wurin. In ya bar jan layi, kada ki karɓa."

Lorin Yakubu direba ta tashi ƙarfe biyar da kwata, mu talatin da buhunan gyaɗa. Na ƙi yarda a ɗora ƙarfena bisa rufi. Na kwantar da shi a gaban ƙafata, hannuna a kansa.

Mil saba'in da 'yan kai, ƙarfe goma muka shiga Salga. Na sha koko da ƙosai na taro. A shingen bayan gari wani kofur ya taɓa ƙunshina da kulki, ya ji ƙarfe, ya ja da baya.

"Bindiga ce?"

Yakubu ya ce, "Kofur, mijinta ne na biyu, za ta kai shi asibiti."

Lori ta ɗauki dariya. Ni ban yi ba. Na kwance zane na nuna masa, ya leƙa, ya ce mu wuce.

Ƙarfe biyu muka iso bakin kogi. Damina ce, ruwa ya cika ya yi ja, motoci sun yi layi suna jiran jirgin fito. Ban taɓa ganin lori ta hau jirgi ba sai ran nan! Da ya ɗaga da mu, na rungume ƙarfen ina salati, wai ni ce zan hana shi nutsewa. Sai gab da magariba muka taka Yeji. Na kwana a zango wurin wata mai tuwo, ta ba ni tabarma da busasshen kifi.

Talata: Yeji zuwa Kumasi

Ƙarfe shida muka kama hanya. Atabubu, doya jibge kamar ganuwa. Ejura, masara. Daga nan daji ya fara rufe sama, itatuwa dogaye har wuyana ya gaji da kallo. A hawan dutsen Mampon lori ta yi ta kuka, maza suka sauka suna tafiya a ƙasa. Yakubu ya ce in sauka ni ma. Na ce ni da ƙarfen nan tare muka hau, tare za mu sauka.

La'asar sakaliya muka shiga Kumasi. Kai, jama'a! Bene a kan bene, tutar ƙasa ko'ina, mata da tire a ka suna ta "Maame, Maame". Na sauka a zango gidan wata 'yar garinmu mai sayar da goro. Ta ba ni wake da shinkafa, ta ce gobe za ta sa ni a motar da ke zuwa ma'aikatar ƙarfe.

Laraba da Alhamis: ma'aikata

Rumfa ce ta kwano, tsawonta ya kai layin 'yan hatsi a kasuwarmu. Injuna sababbi fil, wai bayan 'yancin kai aka kawo su daga Jamus. Wanda ya karɓe ni sunansa Kofi, magidanci mai fara'a, Hausarsa ta kasuwa. Ya duba takarda ya yi dariya.

"Sha shida? Mma, wannan aiki ba wuya. Gobe ka zo."

Na koma zango ƙafata ba ta taɓa ƙasa don murna.

Alhamis ƙarfe tara ina wurin. Ga ƙarfena a kan tebur yana walƙiya kamar sabon kwanon sha. Na ce alhamdu lillahi. Har na buɗe zane zan naɗe, sai na tuna. Na kwance bakin zanena na fito da jan kwabo, na goga sau ɗaya.

Layi ja, zar, kamar an ja da lalle.

Na sa farcena. Farce ya yi ta ƙir-ƙir-ƙir. Ni da na yi shekara ashirin ina daɓen ɗaki ina goge shi da dutse har ya ɗauki ido, na san bambancin abin da ke ƙyalli da abin da ke da sulɓi.

Na ce, "Ɗana, aikin nan bai nuna ba."

"Mma, takarda ya ce sha shida, ni na yi sha shida. Ka tambayi kowa."

"Sha shida na me?"

Ya sake duba takardar.

Na ce, "Ni 'yar kasuwa ce kafin in zama mai inji. In mace ta ce mini a auna mata dawa sha shida, ba na sa hannu a buhu sai na ji da wane kwano. Kwanon Tamale daban, na Salga daban. Naka sha shidan, da wane kwano ka auna?"

Ma'aikata suka taru suna dariya, wani ya ce tsohuwar arewa ta zo koya wa Kofi aiki. Na zauna a ƙasa daɓas, ƙarfen a gabana, na ce ba inda za ni.

Hayaniyar ce ta fito da babban injiniyansu, wani dattijo Bafante mai furfura. A soja ya koyi Hausa, kuma ta zauna a bakinsa. Ya gaishe ni da ladabi, ya dubi jan layin, ya dubi takarda.

"Uwata, injin naki na wace ƙasa ne?"

"Na Ingila. Maigidana ya sha faɗa."

Ya dafe goshi. Ya juya ya yi wa Kofi Turanci mai zafi, sannan ya ja benci ya zauna kusa da ni.

Ya ce ko ƙarfe ya yi sulɓi yaya, a fuskarsa akwai tudu da kwari waɗanda ido ba ya gani, kuma tsayinsu ake aunawa. Mutanen Ingila da ƙwayar inci suke awo. Injunan nan na Jamus kuwa da wani awo mai suna maikiron, wanda gashin kai ɗaya ya fi hamsin ɗinsa kauri. Maikiron ɗaya ya haɗiye na Ingila wajen arba'in. Fuseini ya kwafo lamba ya bar sunan awo a littafi, Kofi kuma ya auna da kwanon gidansu.

"To nawa ake so da naku kwanon?"

"Sifiri da ɗigo huɗu."

Na ce, "Baba, ni ban san sifiri ba, ban san ɗigo ba. Abin da bai kai ɗaya ba, yaya zan riƙe shi a ka?"

Ya yi murmushi. Ya ce akwai ƙaramin awo da masana ba su daɗe da raɗa wa suna ba, nanomita. Dubu ɗinsa ne maikiron ɗaya. In ɗauki maikiron buhu ne, nanomita ƙwayar da ke ciki, dubu cif a kowane buhu.

"Injinki ƙwaya ɗari huɗu yake so, ko rabin buhu bai kai ba. Kofi ya ba ki buhu sha shida."

Na lissafa da yatsu. "Dubu goma sha shida ke nan."

"Ka ji ko, Kofi? Ta riga ka."

Na ga haske a kaina kamar an buɗe taga! Amma murnar ba ta daɗe ba. Dattijon ya ɗauko wani awo mai baki kamar ƙaguwa ya kama ƙarfen, ya juya, ya sake kamawa. Ya ce Kofi ya riga ya ci naman ƙarfen da yawa. Saura ci ɗaya tak. In dutsen washi ya zarce ko da kaurin gashi, babu sauran kwanon juyawa, wato mazaunin da yake juyawa a ciki, da zai zauna masa daidai, ƙarfen ya mutu.

Na tuna Alhassan da maƙeransa. Ran nan ko goro ban iya ci ba.

Juma'a

Ƙarfe bakwai na safe dattijon ya tuɓe kwat da kansa. Kofi ya tsaya a gefensa, fara'a ta tafi. Dutse yana juyawa, ana zuba masa wani ruwa fari kamar nono, wuta tana ɗan tartsatsi. Ya ci kaɗan, ya tsaya, ya auna. Ya ci kaɗan, ya tsaya, ya auna. Na ƙirga tsayawa goma sha ɗaya. Daga nan suka koma gogewa da ƙyalle mai laushin yashi da mai, a hankali, hannu yana zuwa yana dawowa. Na ce a raina, ashe daɓe ne, na maza.

Kafin azahar aka kai ƙarfen wani ɗaki mai tsabta. Akwai na'ura mai allura siririya, tana tafiya bisa ƙarfe kamar tururuwa, wani tsinke yana rawa a gilashi. Tsinken ya tsaya. Dattijon ya dube ni.

"Da naki kwanon, uwata: ɗari uku da tamanin."

"Bai kai ɗari huɗu ba!"

"Ƙasa ake so. Ya fi abin da aka nema."

Duk da haka na fito da kwabona. Na goga, na sake gogawa, na danna da ƙarfi. Ko ɗigon ja babu. Farcena ya wuce shiru kamar a kan ruwa. Na saki guɗa a cikin ma'aikatar mutane, ni da ban yi guɗa ba tun rasuwar maigidana! Kofi ya durƙusa ya ce, "Mma, ka yafe ni." Na yafe masa, na ba shi goro. Dattijon ya haɗa mini sababbin kwanonin juyawa, ya rubuta lambar a takarda da awo uku, kowanne da sunansa, ya ce in kai wa Fuseini ya liƙa a bango.

Komawa gida

Asabar da asuba na sami lorin Yakubu za ta koma. Ya ce, "Yaya jikin maigida?" Wannan karon na yi dariya, na ce ya warke. Ruwa ya riƙe mu kwana biyu a Yeji, kogi ya hana fito, ina ƙirga kwanakina ina kallon ruwa. Talata ƙarfe uku na rana muka shigo Tamale.

Kwana biyu Fuseini yana ɗaurin inji. Ran kasuwa ta biyu da hantsi Alhassan ya iso da maƙeri, guduma a kafaɗa. Fuseini ya murɗa hannun inji sau uku. Tuf. Tuf. Tuf-tuf-tuf-tuf! Hayaƙi ya tashi, matan Zogbeli suka fito da kwanuka, har na unguwar Nyanshegu sun jiyo. Alhassan ya tsaya har azahar yana jiran ya ji ƙauri. Ya ɗora tafin hannu a jikin injin, ya daɗe, bai ji ya yi zafi ba, ya ɗauke. Maƙerin ya sulale da gudumarsa.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Fuseini, da Yakubu direba, da mai goron da ta sauke ni, da dattijon nan da ya zauna a benci ɗaya da ni.

Da la'asar sai ga Alhassan ya dawo, buhun masara a bayan keke. Bai dube ni ba.

"Yaya Lariba, a niƙa mini biyar."

Na ce, "Biyar na wane kwano?"