Dakan Gayyar Girbin Dawa

Shekarun baya, tun Turawa na mulki, yayana uwa ɗaya uba ɗaya ya sa matata dakan gayya alhali ɗinkin cikinta bai gama kamewa ba. Abin da ya yi mani ke nan, kuma ba zan yi ƙaryar na manta ba.

Gandu ɗaya muke a Kaikai, shi ne babba tun rasuwar mahaifinmu. Ni elemantare na ɗan taɓa, na gudo tun ban iya komai ba, amma ɗan bokon nan ya sa in kaka ta yi nake riƙe wa masu sayen gyaɗa sikeli a Kankiya.

Matata ta daɗe tana zubar da jini. An sha saiwa, an sha rubutu, shiru. Daga ƙarshe muka hau mota zuwa asibitin birni. Likita Bature ya ce ciwon daji ne a mahaifa, aka yi aiki aka cire. Ranar sallama ya yi ta zuba Turanci, ina gyaɗa kai kamar alƙali, ban tsinci ko rabi ba. Sai da wata ma'aikaciya ta maimaita da Hausa: kada ta ɗauki tulu, kada ta taɓa taɓarya, har sai ƙarfinta ya dawo.

Ƙarfin nan ya ƙi dawowa. Macen da ƙuli-ƙulinta ya san kasuwar Kusada, ta koma ko sharar ɗaki sai ta zauna a tsakiya tana haki.

"Malam, anya zan koma mutum kuwa?" Haka take tambayata.

In ce mata, "Ke dai ci tuwo." Amma ni ma tsoron ne a cikina. Ta fara da kaɗi a zaune, sannan ɓarar gyaɗa kaɗan kaɗan. Ina bakin sikeli, in na hango ɗan garinmu ya nufo ni, sai in ɗauka mugun labarinta ya kawo.

Yayana bai ga haka ba. Ya tare ni a zaure ya ce, "Wurin ya rufe, ko bai rufe ba? Mata na haihuwa, su yi arba'in su koma turmi. Ita ɗiyar sarki ce?"

Na faɗa mashi abin da asibiti suka ce. Ya ce, "Bokonka ne ke wahal da kai." Na ɗauka magana ta mutu a nan.

Ranar gayyar girbin dawa ya bari sai da na tafi Kankiya, sannan ya aika cikin gida: kowace macen gandu ta fito da turminta, a yi wa 'yan gayya fura. To mace a wajenmu ko sunan wan mijinta ba ta faɗa, balle ta mayar mashi da aike. Ta ɗauki taɓarya.

Da azahar wani maƙwabcinmu ya iso Kankiya da keke, bai ko yi sallama ba. Na bi shi gida, na iske ta kwance gefen turmi, zaninta ya jiƙe da jini, leɓɓanta fari fat. Muka ɗora ta a gadon kara muka nufi disfensare. Duk tsawon hanyar nan ina kai yatsa bakin hancinta, in ji ko tana nan.

Allah ya yi da sauran kwana. Sai dai ɗan ƙarfin da ta tara ya tafi, ta koma kwance har bazara. Sai wata kakar ta sake hura wutar ƙuli-ƙuli, tana suya a zaune, wata na yi mata dakan. Ta rayu, ta aurar da ɗiyanmu.

Abin da na gane shi ne, gajiyar mai jinya ba ta da mikin da za a buɗe a nuna wa mutane. Wanda bai ga jini ba sai ya kira ta lalaci, ita kuma kunya ta hana ta magana.

Kashegarin dakan gayyar nan na sami yayana a gona yana ɗaure dammuna. Tun kafin in buɗe baki ya ce, "Ai ba ta ce ba ta iyawa ba."

Na ce, "Yaya, ka san ba za ta iya ce maka ba, shi ya sa ka jira na ba da baya. Ka yanke mani gonata, na fita gandu. Daga yau in kana son fura daga ɗakina, ni za ka miƙa wa taɓarya."