Ciwon Hannun da Na Ce wa Yaya Ado Ya Daure

Shekara goma sha biyu ke nan cif da muka binne yayana, Alhaji Ado, kuma har yau in na bi hanyar Kongolam na hango gonar da muke wasa, sai gabana ya faɗi. Kowace shekara ina niyyar yin rubutu a kansa, sai in fasa. Amma bana, tsoro ya hana ni fasawa.

A Legas ya koyi wasan ƙwallon golf lokacin yana aikin kwastan. Da ya yi ritaya a shekarun farko na Shari'a, ya dawo Daura da wata doguwar jaka cike da sanduna, har maƙwabta suka ɗauka bindigogi ne. Ba mu da filin golf a gari, don haka da an gama girbi sai ya roƙi wani mai gona, ya binne gwangwanayen tumatir su zama ramuka. Ni ya ja na zama abokin wasansa. Masu babur kan tsaya su sha dariya, wai ga dattawa biyu suna bin ƙwallo kamar ƙwan zabo a cikin kara.

Bugunsa ba shi da kyan gani ko kaɗan. Ba ya ɗaga sanda sama sosai, ba ya juya ƙugu, sai ya ɗan duƙa ya zabga kamar mai sassabe. Amma ƙwallon tana zuwa inda ya aike ta, kuma yana komawa gida jikinsa garau. Ni kuwa malamin makaranta ne, kuma cutarmu ita ce gyara, ko ba a tambaye mu ba. Na samo faifan koyarwa a Kano na haddace shi: hannun hagu ya miƙe sambal, kafaɗa ta shige ƙarƙashin haɓa, ƙugu ya juya. Na kuma riƙe abin da masu wasan ke yawan faɗa, cewa wanda ya canza bugu dole jikinsa ya takura, in bai takura ba to bai canza komai ba. Na dame shi har ya yarda ya canza bugunsa.

Mako uku da farawa, wata rana bayan la'asar, ya tsaya ya dafe hannunsa na hagu.

"Kai Malam, karatun nan naka yana cin hannuna. Har kafaɗa nake jin sa, har nan ƙirji."

"Yaya, ai alamar gyara ya kama ke nan. Ka daure, jiki ne yake sabawa."

Ya dube ni ya yi murmushi. "To, tunda malam ya faɗa."

Ya daure kwana tara. A na goma ya faɗi a zaure yana shirin alwalar azahar. A asibiti likita ya ce zuciya ce, ya tambaya ko ya taɓa kukan ciwon hannun hagu ko ƙirji. Matarsa Hajiya Rabi ta fashe da kuka. Ni na sunkuyar da kai.

Na san ajali ba ya jira, kuma na yi imani da hakan. Amma imanin bai taɓa hana ni jin muryata a gonar nan ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yadda wasan ya koma. Matasan ma'aikatan da nake haɗuwa da su in na je Katsina wasa, kowa da wayarsa, suna ɗaukar juna bidiyo, suna ja masa layi, suna auna gwiwar hannu da ta turawa. Na tabbata dariya zai yi, ya ce su daina kallon waya su kalli inda ƙwallon ta faɗi. Ba na cewa ƙa'ida banza ce. Ita ke hana mutum ɓata bayansa, ita ke sa bugun yau ya yi kama da na gobe. Sai dai ƙa'ida ba ta san shekarunka ba, ba ta san abin da ke cikin ƙirjinka ba.

Abin kunyar shi ne, watan jiya ɗaya daga cikinsu ya nuna mini bidiyona ya ce, "Baba, bugunka ya gajarce, ka ƙara juyawa." Ni da na fi kowa sanin ƙarshen wannan magana, girman kai ya sa na karɓa. Yau mako biyu hannuna na hagu yana mini nauyi. Mai yiwuwa tsoka ce kawai, don sabon bugu yana takurawa da gaske. Amma takurar sabon bugu tana ƙarewa in ka ajiye sanda. Wannan kuwa yana bi na har sahun masallaci. Ina tsoro, na faɗa a fili, tsoron da ban taɓa ji ba. Kuma tsoron ne ya sa har zuwa jiya ban gaya wa kowa ba, ko matata.

Me ya rage na Yaya Ado? 'Ya'ya nagari, da mutanen da har yau suke tsayar da ni a kasuwa su yi masa addu'a. Ni kuma ya bar mini sanin cewa ya yi shekara sittin yana sauraron jikinsa, sau ɗaya tak ya saurari wani a kansa, don yana ƙaunar ƙanensa.

Jiya na je gaida Hajiya Rabi kamar yadda na saba duk shekara. Mun yi masa addu'a, ina shirin tashi, ta ce in dakata.

"Malam, tun da ka zauna kake murza hannun nan. Shi ma haka ya yi a gabana, na shafa masa man zafi na ce zai wuce. Ba zan yi shiru sau biyu ba."

A gabanta na kira matata na gaya mata. Gobe da safe za ta raka ni Katsina a duba zuciyata. Ban san abin da likita zai gani ba. In kun yi wa Yaya Ado addu'a, ku haɗa da ni.