Hoton Baba da Masu Sandan Amurka

Ɗana ya sauke hoton ubana daga bango ya rataya na waɗansu ƙarti masu sanda. Abin da ya yi ke nan, ba zan yi masa kwaskwarima ba. Ko kalmar nan "ɗana" da na rubuta sai da hannuna ya yi nauyi, domin ɗan fari ne, mu kuwa a gidanmu ba a kama sunan ɗan fari, ba a zama hira da shi. Amma tun da na shiga ajin yaƙi da jahilci ina da shekara arba'in da ɗoriya, na ga cewa abin da bakina ya kasa faɗa biro yana faɗarsa. To ku bar ni in rubuta.

Zuwana Riyad na biyu ke nan. A na farko suna wani ɗan gida a unguwar Utaiƙa, hoton yana falo, sama da talabijin. Na gan shi, raina ya yi fari. Wannan karon matarsa ce ta haihu, suka yi mini bizar ziyara, na tarar sun koma unguwar Gubaira, hawa na uku. Ina shiga falo na ɗaga kai, sai ga alluna uku manya-manya a jere, ba gilashi, ba katako a gefe. A na farko wani ne ya karkace ya ɗaga sanda kamar ya ga maciji, an watsa masa ja da shuɗi, ba ido ba hanci. A na biyu wani ne da safar hannu mai faɗin faifai. Na uku rubutu ne zalla, shekaru a jere daga sama har ƙasa. Turancin ban iya ba, amma lambobi na san su sarai.

Na dubi matarsa, shi kuwa ga shi nan zaune a gefe, na ce, "Tambayar mini mai gidan nan, su wane ne waɗannan?"

Haka muke magana tun da ya yi wayo. Ni in faɗa wa wanda ke kusa, shi ya amsa yana kallon ƙasa.

Ya miƙe da murnarsa kamar jira yake. "Hajiya, besbol ke nan, wasan Amurkawa. Da na je can ƙaro karatu, filin ƙungiyar nan yana bayan masaukinmu." Ya ɗora yatsa a allo na uku ya fara gangarowa. Nan aka kafa ƙungiyar. Nan suka tashi daga garinsu na asali, mutanen garin suka yi ta kuka. Nan suka yi shekara da shekaru ba kofi. Nan suka ci. Ko sau ɗaya bai yi tuntuɓe ba. Ban taɓa jin yaron nan ya yi magana mai tsawon haka a gabana ba, kuma duk a kan mutanen da ko fuska mai zanen bai ba su ba.

Mu ma muna da ƙungiya. Wannan ne abin da ya yi mini ciwo.

A garinmu akwai kamfanin gurzar auduga, Baba lebura ne a can. In kaka ta yi, motoci su yi layi har bakin kasuwa, farin ɓurɓushin auduga ya riƙa yawo a iska, ya sauka a miya, ya sauka a gashin ido. Leburorin nan su suka share wani fili a bayan sito suka fara buga ƙwallo ba takalmi, in an tashi aiki. Baba shi ne gola. Shi ne kuma mai gyaran ƙwallon, ta fata ce mai igiya a baki. Yakan zauna a ƙofar ɗakinsa da basilla ya ɗinke inda ta yage, sannan ya murza mata kitse don kada ta sha ruwa. Har yau in na ji warin fata da kitse, ƙafafun Baba nake gani, masu kaushi, ya matse ƙwallon a tsakaninsu.

Rigunan kuwa Inna ce. Farin yadi ne manaja ya ba su, Inna ta ce ba za ta yi ta wankin fari kowane mako don wasan banza ba. Ta kwashe su ta kai marina aka tsoma su a shuni. Ranar da suka fara sa su ruwa ya sauko, aka tashi wasa kowa ƙirjinsa shuɗi, matan gari suka yi wata guda suna dariya. Amma launin ya zauna. Ko bayan kamfani ya sayo musu takalma da riguna na kanti, ko bayan an fara ɗauko 'yan wasa daga nesa ana biyansu albashi don ƙwallo kawai, shuɗin nan na Inna shi ne launin ƙungiya. Ta kan ce, "Ni na yi musu suna, ko tukuici babu."

'Ya mace ba ta zuwa fili, sai dai ni ina da tallan dafaffiyar gyaɗa. In na ajiye tire a bayan ragar Baba ba na tashi sai an busa usur ɗin tashi. Da damina wurin gola ya zama taɓo, ya tashi daga faɗuwa ba ka gane komai a fuskarsa sai haƙora. Ya waiwayo ya ce, "Ke, gyaɗar ba za ta sayar da kanta ba." Amma bai taɓa kora ta ba.

Kaka, uban Baba, malami ne, ya ƙi jinin ƙwallo, ya ƙi jinin hoto. Yana cewa magidanci da gajeren wando yana bin fata a guje, wannan ba hankali ba ne. Shekarar da suka ci kofin lardi aka kawo mai hoto, Baba ya rasa yadda zai yi. Ƙin shiga cin fuskar abokai ne, shiga kuma cin fuskar uba. Sai ya tsaya can ƙarshen layin baya ya sunkuyar da kai, rabin jikinsa a bayan wani. Ya rataya hoton a ɗakinsa, ya ba ni aiki: da na ji tarin Kaka a zaure in ruga in juya shi ya kalli bango. Shekara nawa ina wannan gudu. Wata rana Kaka ya tarar da ni a kan turmi ina miƙa hannu. Ya tsaya ya dube ni, ya dubi hoton, ya ce, "Sauko kada ki karye. Na san yaron nan yana ciki, ai ga kunnuwansa nan." Ya wuce abinsa. Daga ranar ba a sake juyawa ba.

In ruwa ya hana fita, Baba ya sauko da hoton ya bi mutanen da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Wannan direba ne, ƙafarsa ta hagu kamar guduma. Wannan mai awo ne, ba ya wasa sai ya ci goro. Wannan ya tafi yaƙi bai dawo ba. Na haddace su kamar karatun allo, alhali ko baƙi ɗaya ban sani ba a lokacin. Da kamfani ya rufe, wani attajiri ya kwashe ƙungiyar ya kai babban gari, ya sauya suna, ya sauya launi. Baba ya daina sauraron wasa a rediyo, shi ke nan.

Duk wannan ɗana bai sani ba. Ana yaye shi gwaggonsa ta ɗauke shi zuwa wani gari, kamar yadda ake yi da ɗan fari, Baba kuma ya rasu yana ƙarami. Ranar da zai taho Saudiyya aiki na naɗe hoton a zani na ba ƙanwarsa ta miƙa masa. Ban haɗa da ko kalma ɗaya ba.

Na yi kwana huɗu ina harare-hararen allunan nan. Ranar Juma'a bayan la'asar na kasa daurewa, na ce wa matarsa, "Tambayar mini mai gidan nan, hoton da na ba shi ya kai shi bola ne?"

Ta ce, "Wallahi Hajiya gilashin ne ya tsage wajen tashi, yana cikin kwali a kan wadrob."

Ya tashi da sauri ya sauko da shi, yana goge ƙura da hannun jallabiyarsa. "Haba Hajiya, bola kuma? Mafi mushkila, in ji Larabawa, ba damuwa, gobe zan sa a sauya gilashin. Ni da kullum in na dube shi sai na yi wa kakana addu'a." Sai ya ɗora yatsa a kan na tsakiyar layin gaba, wanda ya rungume ƙwallo yana washe baki. "Ga shi nan. Har mutane na cewa muna kama."

Na dubi yatsan nan. Mutumin da ya nuna kyaftin ne, makaniken injin, ɗan Kudu, ranar Lahadi ba ya wasa sai ya dawo daga coci. Mutumin kirki ne ƙwarai, yakan saye ragowar gyaɗata ya raba wa 'yan wasa. Amma ba ubana ba ne. Shekara goma sha wani abu ɗana yana duban bawan Allahn nan yana roƙa masa Aljanna, Baba kuwa yana can lungu da kansa a ƙasa.

Dariya ta taso mini, kuka ya biyo ta, na haɗiye duka biyun. Na buɗe baki in ce wa matarsa ta gaya masa, sai na ga abin ya fi ƙarfin saƙo. Mutum goma sha uku ne a hoton, kowa da labarinsa, kuma ban san wani mai rai da ya san su ba in ba ni ba. Ƙawayen tallana sun mutu, ƙannena ba su yi wayo a lokacin ba. Amurkawan can sun sami wanda ya jera musu nasu a allo har ya iso Gubaira. Namu yana cikin kan tsohuwa mai hawan jini, wadda bizarta saura mako biyar.

Na zo da fushina a kansa, ga shi ya dawo kaina. Ni da ban taɓa tsoron gaya wa kowa gaskiya ba, na yi faɗa da mai unguwa, na yi faɗa da malamar ajinmu, amma na kasa gaya wa ɗan da na haifa wane ne kakansa. Kunya ce, na sani, uwata ta yi, uwarta ta yi, ban kuma ce ba ta da kyau ba. Sai dai su 'ya'yansu suna tsakar gida, abin da uwa ba ta faɗa ba gwaggo za ta faɗa, ko maƙwabciya. Shi wannan a nan wa yake da shi?

Washegari Asabar, yana da aiki a Dir'iyya. Ya fito da hular kwano a hannu da makullin mota, matarsa tana ɗaki tana ba jaririya nono. Ba kowa a falon sai ni da shi. Na ajiye hoton a kan tebur, na jawo kujera kusa da tawa. Ya yi sallama yana kallon ƙasa zai wuce.

Na dube shi cikin ido na ce, "Kai. Zo ka zauna."

Ya waiwaya bayansa ya ga da wa nake. Sannan ya ajiye hular a hankali ya zauna. Na kama yatsansa da hannuna, na ɗauke shi daga tsakiya, na kai shi can ƙarshen layin baya.