Faifai Tara a Kan Ƙusa Ɗaya

Ko shekara nawa zan yi a duniya, ba zan manta da ranar da aka rataye aikina a bangon wani ɗakin taro a Tambuwal ba.

Lokacin ina koya wa mata saƙar faifai a wata 'yar cibiyar sana'a a Kebbe. Shugabarmu ta riga ta sanar da ni za a rufe ajina a zuba kekunan ɗinki, wai faifai ya zama kayan tsofaffi. Ana cikin haka sai ga sanarwar baje kolin aikin hannu a Tambuwal. Na roƙe ta ta ɗaga mini ƙafa zuwa ranar.

Ni na saƙa babban faifai guda, ɗalibaina suka saƙa ƙanana takwas, kowace da launinta. Na haɗa su da tsohuwar wayar birkin babur, babban a gefe ɗaya, ƙananan a ɗaya gefen, duka a kan ƙusa ɗaya. Sai da na yi kwana goma ina matsar da wannan, ina sassauta wancan, kafin abin ya tsaya daidai. Yanzu in na tuna, ban san inda na samo wannan taurin kai ba.

Ranar baje kolin, alƙalin gasar, wani dattijo tsohon malamin makaranta, ya tsaya gaban aikin ya karkata kai.

"Malama, wanga mi ne? Ba a rufe tuwo da shi, ba a fifita da shi."

Aka kwashe da dariya. Na hango shugabarmu ta sunkuyar da kai.

Na ce, "Duniya ce, Baba. Kabar daga ƙauyen Fakku take, rinin daga ƙasar Sin, wayar kuma ta babur ce ƙirar Indiya."

Dariyar ta ƙaru. Na daure na ce, "Baba, don Allah ciro ƙaramin can na ƙarshe."

Ya miƙa hannu ya cire. Nan take babban faifan ya rinjaya ƙasa, ƙananan suka yi sama suna karo da juna. Dariyar ta tsaya. Dattijon ya mayar da shi a hankali, abin ya ɗan yi lilo, ya koma daidai.

"Ikon Allah," in ji shi. "Ashe ɗan ƙaramin ga na riƙe da babban!"

Sai ga layi, kowa yana son ya cire da hannunsa. Mu muka zo na ɗaya. Ɗalibaina suka ɓarke da guɗa, ni kuwa hawaye kawai nake sharewa da gyale. A motar komawa shugabarmu da kanta ta tambaye ni mata nawa zan iya ƙarawa a ajin.

Tun daga ranar na daina wahalar da bakina wajen kare aikina. In mutum ya kasa gane abin da ka yi, ka bar shi ya taɓa. Na kuma daina raina ɗalibar da hannunta bai iya saƙa sai ɗan ƙarami.