Jan Gishirin Illo

Muna sallame sallar asuba muka bar Bagudo, ni da wani maƙwabcina a kan babur ɗinsa. Ɗana ne ya aike ni, wanda ke karatu a Turai, shekaru ban sa shi a ido ba. Aikinsa wai wasu halittu ne da ido ba ya gani, masu rayuwa cikin gishiri. Yana rarrabe su dangi-dangi, in ya samu wadda ba a sani ba sai ya raɗa mata suna. Ni da boko ya tsaya mini a aji uku, mi zan ce? Magana ɗaya na riƙe: ya ce in an dace, wataƙila ya zo da kansa.

Bayan mun haye kogin Kwara, ban san wanda ya fi yawa ba, ramukan hanya ko shingayen jami'ai. A Illo muka sha fura wurin wata Bafillata, yaren Dendi da Faransanci na tashi ta ko'ina. Kifi kuwa ya yi tsadar da sai dai ka gaishe shi ka wuce.

Abin da yaron ke so shi ne gishirin da ake barbaɗa wa fatar dabba, wanda ya yi ja a jikinta. Muka samu wani dattijo mai fatu, wanda ke sayo gishirinsa daga Benin. Ashe a wurinsu jan nan abin kunya ne, alamar fata ta fara lalacewa. Ya ɗaure fuska, ya auno mini fari tas.

"Malam, ba a ba baƙo ɓatacce. Mu nan ba mu da shi ma."

Na ce, "Baba, ba gishiri ya kawo ni ba. Ɗana nake son gani."

Sai ya ja ni bayan rumfa, ya ɗaga wata fata, ya kankare jan da hannunsa ya cika mini kwalabe.

Da na dawo gida na kira yaron. Murna kamar ya tashi sama. Wai in ba direba kwalaben ya kai wa abokinsa a Sakkwato, shi zai aika masa, kuma in halittar sabuwa ce, Illo zai shiga sunanta, amma abin kan ɗauki shekaru.

Na ce, "To zuwan fa?"

"Baba, sai an ga sakamako."

Tafiyar nan ta koya mini cewa kwalba ta fi ni saurin isa wurin ɗana. Jikana ma ta waya na ji sunansa. Na ce wa ɗan nawa in ranar sunan wagga halitta ta zo, rago na wuyana, amma a ƙofar gidana za a yanka shi. Ya yi dariya. Ni ba wasa nake ba.